Kafin ki zuba adashinki a kwalbar maganin borin jini

Saƙonnin wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya: abincin da jiki ya ƙi karɓa, da kwalaben da ake tallatawa a waya cewa za su sasanta jikin da abincin. Wasu layi uku sun ishe su, wasu kuwa sai mun shimfiɗa tabarma.

Daga wata uwa a Zariya: "Anti, ɗana shekararsa huɗu. Duk ranar da ya ci ƙuliƙuli ko tsire sai leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, ya yi ta susa. Watan jiya har da tari da sarƙewar numfashi, sai da muka kwana a asibiti. Na ga tallar wani kafso a Facebook, wai an haɗa shi da sinadarin albasa da kurkum da koren shayi, wai in ya sha wata uku jikinsa zai saba da gyaɗa. Naira dubu 45 ne, har na shiga adashi saboda shi. In saya?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki shi. Daren da kika kwana kina kallon ƙirjin yaron nan yana hawa yana sauka bai bar zuciyarki ba har yau, na sani, kuma shi ya kai ki ga adashin. Amma kada ki sayi kafson nan. Zan faɗa miki dalili dalla-dalla, don kada gobe wani ya zo da kwalba mai wani launi ya sake ɗaga miki hankali.

Abin da ke damun ɗanki shi muke kira borin jini, likitoci su ce alaji. Garkuwar jikinsa ce ta yi kuskure, ta ɗauki furotin ɗin gyaɗa abokin gaba. Ta tanadi wasu 'yan tsaro da ake kira IgE, suna maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta masu cike da sinadarin histamin a fata da hanci da huhu da hanji. Da gyaɗa ta shigo, ko da ɗan ɓurɓushi ne, sai ƙwayoyin nan su amayar da abin da ke cikinsu gaba ɗaya. Kumburin leɓe da susa da amai da matsewar hanyar iska duk daga nan suke.

Masu tallar ba daga iska suka kamo maganarsu ba, shi ya sa take shiga kunne. A cikin albasa, musamman ja da ɓawonta na waje, akwai sinadari mai suna kwasetin. A kurkum akwai kurkumin. A koren shayi akwai wanda ake taƙaita sunansa da EGCG. In aka zuba su a kan waɗancan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, suna rage fitar histamin. In aka ba ɓerayen da aka sa wa borin jini da gangan, alamominsu kan yi sauƙi. Duk wannan gaskiya ne, kuma masana suna kan aikinsa. Sai dai tsakanin ɓera da ɗan mutum akwai tafiya mai nisa. Hanjinmu ba ya tsotse sinadaran nan sosai. Kurkumin musamman, mafi yawansa wucewa yake ya fita, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta ta yi maza ta sarrafa shi.

Ga labarin gwajin da ya fi kusa da abin da ake miki talla. A asibitin Mount Sinai da ke New York, Dakta Xiu-Min Li da abokan aikinta sun shafe shekaru suna aiki a kan wani haɗin tsirrai tara da suka ɗauko daga maganin gargajiyar ƙasar Sin, mai suna FAHF-2. A jikin ɓeraye ya yi abin mamaki, ya kare su daga mummunan borin gyaɗa. Sai aka kai shi ga mutane: mutum 68, 'yan shekara 12 zuwa 45, kowa ƙwaya goma sau uku a rana, wata shida cur. Da aka fitar da sakamakon a 2015, haɗin bai cutar da su ba, amma bai nuna ya fi ƙwayar da babu komai a cikinta amfani ba. Kusan rabinsu ma sun kasa shan ƙwayoyin yadda aka tsara, don ƙwaya 30 a rana ba wasa ba ce. To waɗannan likitoci ne masu ɗakin gwaji da kuɗin bincike, suka fito suka faɗi abin da suka gani. Mai tallar Facebook da ya yi miki alkawarin wata uku, a kan yara nawa ya gwada nasa, kuma wa ya duba?

Haɗarin ma ba asarar dubu 45 ba ce kawai. Ranar da wata ukun ya cika, za a ce ki ba shi ƙuliƙuli ki gani. Ranar nake tsoro.

In kin ɗauki adashin, ki kai shi wajen likitan yara. Kina Zariya, ga Asibitin Koyarwa na Shika kusa da ke. Ki tafi da bayanin abin da ya ci, minti nawa kafin kumburin, da me aka yi masa a daren nan. Ki roƙi a rubuta miki a takarda abin da za ki yi in ya sake faruwa, kuma ki yi tambaya a kan allurar adirenalin. Ita ce maganin borin da ya taɓa numfashi, a cinya ake yin ta, kuma gaggawa take so. Akwai irin wadda uwa za ta iya yi da kanta, kamar EpiPen, amma tana da tsada da wuyar samu a nan, don haka ki san asibitin da ya fi kusa da gidanki da wanda ya fi kusa da makarantarsa. Piriton na rage susa da ƙuraje, ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura. In kin ga muryarsa ta dushe, ko tari ya ƙi tsayawa, ko harshe ya kumbura, ko jikinsa ya saki, ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ke ba shi wuya ki zaunar da shi a jingine, ku kama hanyar asibiti. Kada kowa ya ɗura masa manja ko madara. Ko ya warware a hanya ku ƙarasa, don abin kan dawo bayan wasu awoyi.

Sauran aikin a kicin yake da bakin ƙofa. A ƙasarmu gyaɗa ba ta sallama kafin ta shigo: tana cikin yajin tsire, tana jikin kilishi, tana cikin miyar taushe da kwaɗon zogale da na rama, ga man ƙuli da ake toya ƙosai da awara da shi. Ki gaya wa malamarsa ta boko da malamin Islamiyya, ki gaya wa kakanni da maƙwabta, ki maimaita har su gaji da ke. Shi ma ki koya masa ya ce "ba na cin gyaɗa" kafin ya karɓi abu a hannun kowa. Kusan yaro ɗaya cikin biyar yakan rabu da borin gyaɗa da ya girma, amma likita ne zai gwada ya tabbatar, a asibiti.

Daga wani tela a Kaduna: "In na sha shayi mai madara sai cikina ya yi ta ƙugi, ya kumbura, sai zawo. An ce nonon raƙumi ne maganinsa. In sa a kawo min daga Agadas?"

Malam, ka bar kuɗin motar a aljihunka. Ba kumburin leɓe, ba ƙuraje, ba shaƙewa, wannan bai yi kama da borin jini ba. Ya fi kama da sukarin cikin madara ne hanjinka ba ya narkarwa, kuma manya da yawa haka suke. Fulani da suka gaji kiwo sun fi mu yawan masu iya narkar da shi har girma. Ka gwada kindirmo ko nono mai tsami, ludayi biyu tukuna, don tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Nonon raƙumi shi ma yana da wannan sukari, ɗanyensa kuma yana iya ɗauko maka zazzaɓin da ake kamuwa da shi daga dabbobi. Ga iyayen da ɗansu ke da ainihin borin nonon saniya kuwa, kada ku koma na akuya ko na tunkiya da sunan mafita. Furotin ɗinsu kusan ɗaya ne.

Daga wata Hajiya a Kano: "Jikata ba ta shiri da gyaɗa. A wani kemis na magungunan Musulunci an haɗa min man habbatus-sauda da garin hulba da zuma, da wani jiƙo a 'yar jarka da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Wata biyu ke nan tana sha, susa ta tsaya cak, har ta yi kumatu. In ƙaro?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan yarinyar nan. Amma kumatun da suka faranta miki rai su suka tayar min da hankali. Ban san ganyen da ke tsayar da susa cak ya kuma cika fuska cikin wata biyu ba. Na san ƙwayar da ke yin haka: dangin dexamethasone da prednisolone, irin waɗanda 'yan mata ke sha don ƙiba. A ƙasashe da dama an sha kama su a daka a cikin magungunan da ake sayarwa da sunan ganye zalla, musamman na fuka da na ciwon gaɓoɓi da na fata. Ban ga jarkarki ba, ba zan rantse ba. Amma ki ɗauki yarinyar da jarkar ku je wajen likita cikin makon nan. Kada ki ƙaro, kuma kada ki yanke mata shi rana ɗaya kafin likita ya gan ta, don in har ƙwayar ce a ciki, jikin da ya saba da ita a hankali ake janye masa. In aka daɗe a kanta tana kawo hawan jini da ciwon sukari, ta raunana ƙashi, ta tauye tsawon yaro, ta karya garkuwar da ake cewa ana gyarawa.

Hulbar kuwa ki ajiye ta yau. Hulba dangin gyaɗa da wake ce, kuma an sha samun masu borin gyaɗa da jikinsu ya tashi a kan hulba. Wanda ya haɗa wa mai borin gyaɗa garin hulba bai san abin da yake sayarwa ba.

Habbatus-sauda tana da daraja a wurinmu, hadisinta yana cikin Bukhari, ba ni da ja a kai. Masu bincike ma sun gano sinadari mai ƙarfi a cikin manta, an kuma yi ƙananan gwaje-gwaje a kan masu atishawa da toshewar hanci. Amma darajar ƙwayar ba ta zama shaida ga kowace kwalba da aka liƙa wa sunanta ba. A nan ne nake so masu karatu su ba ni haƙuri in yi tsayi, don abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Wata rana ina tsaye a bayan wani shago ina jiran a ɗauko min saƙo, sai na ga yaron shagon zaune a benci da babbar jarka da mazurari, yana ɗura baƙin mai a ƙananan kwalabe. A gefensa ga damin takardun liƙawa masu hoton dabino da rubutun Larabci. Na ɗauki ta man habba, na ɗauki ta zuma, na ɗauki ta man zaitun: lambar hukuma iri ɗaya ce a kan duka ukun. Na tambaye shi daga ina man yake, ya ce shi dai kawo masa ake yi. Yanzu ku yi tunani. Man habba na gaskiya yana da tsada, man gyaɗa yana da araha, kuma mai son riba da mai araha yake sirki. In an sirka da man ƙuli, uwa ta saya da kuɗinta ta ɗura wa ɗanta mai borin gyaɗa cokali guda kullum da safe, tana addu'a. Garin neman gira a rasa ido.

Lambar NAFDAC ma mutane ba su fahimce ta ba. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta ba lamba, lambar tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba an ga ba guba ba ne a yadda aka kawo shi. Ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa doka ta sa a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Ku nemi wannan layin, yawanci da ƙananan haruffa yake a ƙasa. Ku kuma duba lambar a kundin Greenbook na hukumar a intanet, ku ga ko sunan da ya fito shi ne na kwalbar da ke hannunku. Abin da babu lamba, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, babu adireshin mai yi sai lambar waya, wannan ko kyauta aka ba ku kada ya shiga bakin yaro.

Kuma a daina cewa "ai ganye ne, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba". Kurkum a miya daban, kurkumin da aka tace aka cusa a kafso daban. Don ya shiga jini sosai, kamfanoni kan haɗa shi da sinadarin masoro, kuma a 2019 Italiya ta samu fiye da mutum 20 da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi cewa EGCG na kafso, daga miligiram 800 a rana zuwa sama, yana iya taɓa hanta, alhali shayin da ake dafawa a sha bai zama abin damuwa ba. Garin kurkum ɗin kansa bai tsira ba: masu bincike daga Jami'ar Stanford sun nuna a 2019 cewa a Bangladesh ana shafa wa kurkum wani fenti mai gubar dalma don ya yi rawaya shar ya ja ido a kasuwa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana bayaninta. In kuna son kurkum, ku sayi saiwarsa ku wanke ku daka da kanku. In albasa ce, kashi ɗaya a bakin kasuwa ya ishi miyar yini, kuma kun ga abin da kuka saya da idonku.

Daga wani magidanci a Jos: "Matata ta ce in ta ci miya mai kirefish maƙogwaronta na ƙaiƙayi, fuskarta ta kumbura. Ni ina ganin raki ne. Na ji an ce Turawa ma da kaɗan-kaɗan suke sabar da jiki. Ina so in riƙa barbaɗa mata kaɗan a miya ba ta sani ba har ta saba. Wane ganye zan haɗa da shi?"

Malam, ka sake karanta abin da ka rubuto. Matarka ta gaya maka maƙogwaronta na kumbura, kai kuma kana neman ganyen da za ka rufe abin da za ka zuba mata a ɓoye. Babu ganyen, kuma kada ka kuskura. Borin kirefish da ƙaguwa yana cikin masu kisa, yawanci ba ya barin babba, kuma sauƙin na jiya ba ya nuna yadda na gobe zai zo.

Abin da ka ji rabinsa, ga cikonsa. A watan Janairun 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani garin gyaɗa mai suna Palforzia don yara 'yan shekara 4 zuwa 17. Ana farawa da rabin miligiram na furotin, abin da ido da ƙyar yake gani, a yi ta ƙarawa tsawon wata shida har a kai miligiram 300, kimanin ƙwayar gyaɗa ɗaya. Duk ƙarin da za a yi a gaban likita ake yin sa, da adirenalin a ajiye, kuma duk da haka wasu yaran jikinsu na tashi. Wanda ya kammala ma ba a ce ya ci gyaɗa son ransa ba, kariya ce kawai in ya ci bisa kuskure. Na kirefish kuwa babu irinsa da aka amince da shi. Ka cire shi daga cefanen gidan, daddawa ta isa ta ba miya ɗanɗano. Ta kuma yi hattara da soyayyar fara, don fara da kirefish suna da furotin mai kama da juna. Sannan ka ba ta haƙuri a kan kalmar raki.

Daga wata mai jego a Maraɗi: "Anti, ɗan yayata yana da borin gyaɗa mai tsanani. Jaririyata wata biyar. Surukata ta ce kada ta ɗanɗana gyaɗa ko ƙwai sai ta shekara uku, a riƙa ba ta dauri da zuma don jininta ya yi ƙarfi. Tsoro nake ji."

'Yata, barka da arziki, Allah ya raya. Tsoronki a kan hanya yake, kuma surukarki ba ta faɗi abin da likitocin Ingila da Amurka ba su taɓa faɗa ba. Shekaru suka yi suna cewa a jinkirta. Daga baya suka gane sun yi kuskure, kuma yadda suka gane ɗin abin ji ne.

Farfesa Gideon Lack na King's College da ke Landan da abokan aikinsa sun lura cewa yaran Yahudawa a Ingila sun ninka na Isra'ila kusan sau goma a borin gyaɗa, alhali asalinsu ɗaya. Bambancin da suka gano shi ne jariran Isra'ila tun suna 'yan watanni ake ba su wani abin taunawa mai gyaɗa da ake kira Bamba. Sai suka ɗauki jarirai 640, 'yan wata 4 zuwa 11, waɗanda ke cikin haɗari saboda tsananin bushewar fata mai ƙaiƙayi ko borin ƙwai. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa a kai a kai, rabi aka hana su. Da suka kai shekara biyar, kusan 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, na masu ci kuwa kusan 3 cikin 100. A 2015 aka buga wannan sakamako, kuma shi ya sauya shawarar likitoci a ƙasashe da yawa. Hanjin jariri makaranta ce: abin da ya bi ta baki da wuri, a kai a kai, garkuwar jiki kan koyi cewa abinci ne ta ƙyale shi. Sabon da masu kwalba ke iƙirarin sayarwa, ga inda ake samun sa, kuma kunun gyaɗa da iyayenmu ke dama wa 'yan yaye yana kan wannan hanya tun ba a yi binciken ba.

Ki ci gaba da ba ta nono zalla har ta cika wata shida. Daga nan, in ta fara kunu, ki dama ɗan markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi a ciki, ki fara da ɗan lakuce a bakin cokali, da safe, ranar da take lafiya ƙalau, ki sa mata ido awa biyu. In ba komai, ki riƙa ba ta sau biyu ko uku a mako, kada ki yi sau ɗaya ki bari. Ƙwai ma haka, dafaffe sosai. Ƙwayar gyaɗa guda ko ƙuliƙuli mai tauri kuwa a'a, suna shaƙe yaro. Ki zaɓi gyaɗa mai kyau ki tsince, duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci ki zubar, don gubarta hanta take ci. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: in fatarta tana bushewa tana ja tana ƙaiƙayi sosai, ko ta taɓa kumbura a kan wani abinci, likita ya fara ganin ta kafin ki gwada. A binciken Landan ma sai da aka gwada fatar kowane jariri tukuna.

Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Daurin ma a bar shi. Ki faɗa wa surukarki cikin ladabi, in ya yi nauyi ki sa mijinki ya faɗa, ko ku je awo tare ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. In tsirrai kike so su taimaka, ki nufi tukunya: wake, miyar kuka, zogale, kabewa, karas, gero da dawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun nuna cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai yawan harza sun fi tsira daga borin gyaɗa, saboda ƙwayoyin hanji masu amfani suna sarrafa harzar su fitar da abin da ke lallashin garkuwar jiki, kuma sinadarin bitamin A na taimaka wa aikin. Shi ma a ɓera ne, ban ɓoye miki ba. Amma wannan abinci ne da dama za ki dafa, ba wanda zai karɓi sisinki a kansa.

Daga wani malamin makaranta a Kumasi: "Na biya kuɗi mai yawa an yi wa 'yata gwajin jini, takarda ta fito da abinci 23 da wai ba sa mata, har da shinkafa da gyaɗa da masara da take ci tun tana ƙarama lafiya. Mun hana ta duka, ta rame. Sun ce in sayi kafsonsu na wanke hanji."

Malam, ka mayar wa yarinyar nan da abincinta. Abin da take ci lafiya ba a hana ta shi saboda takarda. Ka duba, in gwajin IgG ne, wato wasu 'yan tsaron jiki daban da IgE, wannan abin da mutum ya saba ci kawai yake nunawa, kuma ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka sun ce kada a dogara da shi. Ko na IgE ne ma, a yankinmu yana yaudara, kuma a ƙasarka aka nuna haka. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan 'yan makaranta fiye da 1,600 a yankin Akara ya samu kusan 17 cikin 100 jininsu ya nuna alamar borin gyaɗa, amma waɗanda suka ce gyaɗa na damunsu ba su kai 2 cikin 100 ba. An danganta yawancin bambancin da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jiki ya ƙera 'yan tsaron da ke rikita gwajin. Daɗewa ba a cin abincin da jiki ya saba da shi ma yana iya warware sabon. In an yi watanni da hana ta gyaɗa, ka sa likitan yara ya jagorance ku wajen dawo da ita. Wurin da ya yi maka gwaji ya kuma miƙo maka kafson sayarwa, kada ka koma.

Daga wata ɗaliba a Sakkwato: "Na ci kifi titus, fuskata ta yi ja, kaina ya yi ciwo, jikina ya yi ƙuraje. Da ina ci lafiya. Na daina kifi ke nan?"

Ƙanwata, ki tambayi waɗanda kuka ci tare. In su ma sun ji wani abu, ko kifin ya yi miki yaji-yaji a harshe, to mai yiwuwa kifin ne ya kwana ba sanyi. Titus da sadin da tuna, in ƙanƙararsu ta narke suka jima a zafi, histamin na taruwa a namansu, kuma suya ko dahuwa ba ta kashe shi. Ki gaya wa likita kafin ki sake ci, musamman in numfashinki ya canza a ranar. In ya ce ki ci gaba, ki saya da safe a wurin mai firiza da janareta, kifin yana da tauri kamar itace, ki kai shi gida kai tsaye.